Kamfanina Ya Kama Haya a Damagaram

Tun da na dawo daga Damagaram ban huta da tambaya ba. A gareji tambaya, a masallaci tambaya, har mai shayin bakin tasha da ko sunana bai riƙe daidai ba sai da ya tare ni, wai in gaya masa yadda ake zama mai kamfani a ƙasar waje. Ƙasar wajen da in ka sha koko a Babura da safe, a can za ka yi la'asar. To tunda kun matsa, ga shi na rubuta, kowa ya karanta ya ƙyale ni in yi aikina.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Nasiru. A Roni aka haife ni, a Kazaure nake da garejin walda, injin casar gero muke ƙerawa. Wasu shugabannin ƙungiyar manoma daga Nijar suka ga injinmu yana aiki a gonar wani mutum a Gwiwa, suka nemo ni, suka ce suna so da yawa kafin kaka. Sai dai masu ba su tallafi ba sa sayen kaya sai a hannun kamfanin da ke da rajista a ƙasarsu. Na nuna musu takardar sana'ata ta gida, suka yaba kyan hatiminta, suka ce amfaninta ya ƙare a bakin iyaka.

Kafin in tashi na je Roni sallama da Inna, mahaifiyata. Ko kalma ɗaya ba ta tambaye ni a kan kamfani ba. Masauki kawai ta sa a gaba. Babana, marigayi Malam Habu, fataucin kanwa ya yi, kuma duk rayuwarsa in ya je Damagaram gidan Alhaji Ilu yake sauka, kamar yadda kakana ya sauka wurin mahaifin Alhaji Ilun. Shi ne fatomanmu, wato mai masaukin fatake: ya ba ka ɗaki, ya ciyar da kai, ya tsaya maka a kasuwa, in ciniki ya faɗa ya sami la'adarsa. Ba a taɓa maganar kuɗin ɗaki tsakanin fatoma da baƙonsa. A gidan akwai ɗakin babana, da buzun sallarsa, da kwanon da ake zuba masa abinci shi kaɗai. Da babana ya rasu, Baba Ilu ya zo ta'aziyya har Roni, ya faɗa a gaban jama'a cewa ɗakin yana nan, kwanon yana nan, suna jirana.

Inna ta ɗaure mini ƙuli-ƙuli da daddawa in kai wa matar Baba Ilu, Hajiya Tasalla, sannan ta ce, "Kada in ji ka sauka wani wuri, ko da bene aka ba ka kyauta." Na ce haba Inna, ni yaro ne? Ta ce ba ta ce ni yaro ba ne, ta dai faɗa.

Na ci ado da shadda mai sitaci, na riƙe jakar takardu ta fata da na aro, na shiga bas ɗin Babura. Kafin mu wuce Yankwashi sitacin ya mutu, don an matse ni tsakanin buhun taki da wata Hajiya mai kwalayen taliya da robobi. Daga Babura muka canza mota zuwa Babban Mutum, inda iyaka take, Hajiya mai robobi tana nan a gefena. Ita duk mako take ƙetarewa. A hanya ta koya mini wanda ake gaisarwa a tsaye da wanda ake gaisarwa daga cikin mota, ina sauraronta da kunne ɗaya, don a ganina ɗan kasuwa mai fasfo ba ya buƙatar darasi daga mai robobi.

A iyaka jami'in da ke duba mutane ya kira ta da sunanta, ya tambayi ciwon gwiwarta, suka yi raha da Hausa tsantsa. Da ya zo kaina ya tambayi abin da ya kawo ni, sai na gyara hula na ce na zo kafa kamfani ne. Nan take ya ba ni kujera, ya koma Faransanci. Ba wulaƙanci ba ne, girmamawa ce: mai kamfani ai ba a yi masa Hausa. Ni kuwa Faransancina bai wuce gyaɗa kai ba. Aka buɗe jakar fata, aka karanta kowace takarda gaba da baya, har da rasit ɗin ƙarfen da na manta a ciki, fasinjoji suna jirana a rana suna tsaki. Da na dawo mota Hajiya ta matsa mini wuri ta ce, "Ɗan nan, gobe in an tambaye ka, ka ce gaisuwa za ka."

Wurin ɗan canji ma ban fita da daraja ba. Na miƙa masa damin naira da ya kumbura mini aljihu, ya miƙo mini 'yan ganyayyakin sefa da sai da na danne da yatsa kada iska ta ɗauke.

A Magarya muka tsaya cin abinci. Burodinsu dogo ne kamar sanda, ɓawonsa yana yankan dasashi, amma cikinsa da daɗi, ban ɓoye ba. Na ce a ba ni shayi, ina jiran babban kofi da madara irin namu, sai aka miƙo mini wani ɗan gilashi da bai fi murfin kwalba ba, ruwan ciki baƙi ƙirin, ɗaci har ƙeya. Na daure na shanye zan tashi, mai shayin ya ce ai wannan na fari ne, ba a tafiya sai an sha na biyu da na uku. Mu a Kazaure shayi karin kumallo ne, a sha a tafi aiki. Su kuwa shayin ne aikin. Direbanmu ma zama ya yi ya jira nasa, ba wanda ya ga laifinsa.

Mutanen Damagaram suna alfahari da duwatsunsu, kowa sai ya nuna mini ta taga. Na ce musu ni ɗan Roni ne, cikin duwatsu na tashi, a nemi wani abin a burge ni da shi.

Gidan Baba Ilu yana cikin tsohuwar unguwar fatake. Na same shi a zaure, dogon tsoho, idonsa ya yi rauni. Da na faɗi sunana bai saki hannuna ba, ya jawo ni kusa da fuskarsa ya ce kunnuwan Habu ne sak. Ɗan Habu ya dinga kirana, ko Nasirun bai ɗauka ba. Aka buɗe mini ɗakin, ga buzun nan a rataye. Bayan magariba Hajiya Tasalla ta aiko da tuwon gero da miyar kuka a cikin kwanon babana, tsohon kwano mai ruwan ɗorawa, bakinsa ya ɓalle a gefe guda tun ranar da ya faɗo daga saman motar kanwa. Tun ina yaro nake jin labarin kwanon nan, ban taɓa ganinsa ba. Na ci tuwon ina hawaye, ba na jin kunyar faɗa.

Washegari na hau babur ɗin haya, su kabu-kabu suke ce masa, na nufi ofishin rajistar kamfanoni. Mutane ne masu ladabi, duk wanda ya shigo sai ya bi kowa ya yi musabaha, har da masinja, abin da a namu ofisoshin sai ranar salla. Suka tura ni wurin notar, wata irin lauya ce da ba ta zuwa kotu, aikinta rubuta yarjejeniya da buga hatimi. Mace ce mai gilashi, Hausarta ta fi tawa in ta ga dama. Ita ta yi mini bayanin irin kamfanin da zan buɗe. Ta ce a idon doka kamfanin mutum ne daban, ba ni ba ne. Yana da sunansa, yana da dukiyarsa, in ya karye asararsa ta tsaya a kan abin da na zuba masa, ba za ta bi ni Roni ta ci gonar gado ba. Wallahi maganar ta yi mini daɗi. Na ce ashe akwai hanyar da mutum zai yi abu a ce ba shi ya yi ba.

Daga nan aka shiga neman takardu. Hoto, wanda mai ɗaukar ya sa na cire hula, goshina ya fito kala biyu saboda zafin walda. Takardar shaidar ban taɓa zaman kurkuku ba. Jari a banki. A kowace takarda akwai gurbin da ake rubuta cewa ni baƙo ne ɗan ƙasar waje, ni da kakata ta wajen uwa 'yar Magarya ce. Na ƙarshe, in ji notar, tunda kamfani mutum ne, dole a san gidansa, kuma abin da za ta haɗa da shi takardar haya ce mai sa hannun mai gida. Na yi dariya na ce wannan ai shi ne mafi sauƙi, ina da uba a garin nan.

Da la'asar muna shan shayin nan nasu a zaure na kawo wa Baba Ilu maganar. Na yi masa bayani yadda notar ta yi mini, har da ƙari. Ya saurara da kyau, sannan ya tambaye ni shi wannan mutumin da ba a gani, ɗan wa ne. Na ce to, ni na haife shi dai, a ce ɗana ne. Ya ji daɗi ƙwarai. Ya ce ashe jikan gidan nan ne, ya sauka, ga zaure, ga ɗaki, ya zauna har ya tsufa.

Sai na fito da takardar, na ce saura ya sa hannu a nan cewa ya ba kamfanin hayar zaure. Ya ajiye gilashinsa. Na yi sauri na ce ba kuɗin da zai shiga tsakaninmu, rubutu ne kawai don ofis.

"In gaskiya ce," ya ce, "na karɓi haya a hannun ɗan Habu. In ƙarya ce, na sa hannuna a kan ƙarya da furfurata. Wanne ka zaɓa mini?"

Bai jira amsata ba, ya tambaye ni yadda damina ta yi a Gwiwa, kuma duk wanda ya tashi gaban manya ya san maganar ta rufu ke nan.

Na koma wurin notar na kai kuka. Ta ce ita ma tana da irin tsohon nan a gida, ta san hali, amma fayil ba ya tafiya da zumunci. Ga shugabannin manoma suna bugo waya, ga ma'aikatana a Kazaure sun riga sun yanka ƙarfe. Ina fitowa mai kabu-kabun da ke yawo da ni ya ga fuskata, ya ji damuwata, ya ce wannan ai ba komai ba ne, ya san wani Alhaji mai shago a rufe. Muka je. Wani ɗan aƙurki ne da a da ake sayar da ƙanƙara a ciki, yanar gizo ta ko'ina, in ka miƙe hannu biyu ka taɓa bango da bango.

A nan na yi lissafi irin na wanda ya yi 'yan kwanaki yana zama da lauyoyi. Inna ta ce kada in sauka wani wuri. To ni ban sauka ba. Ina nan ɗakin babana, ina ci a kwanonsa. Wanda zai kama haya wani mutum ne daban, hukuma da kanta ta faɗa, da hatimi. Baba Ilu kuma zan gaya masa in komai ya kammala, don kada in tayar masa da hankali a banza. Har yau in na bi lissafin nan ban ga inda ya karkace ba, sai dai ba a Damagaram ya kamata a yi shi ba.

Mai shagon, Alhaji Mutari, mutum ne mai fara'a. Da ya tambayi masaukina na ce gidan Alhaji Ilu, sai fara'ar ta ƙaru har na ga haƙoransa na ƙarshe. Ya tambayi sunan babana, ya maimaita shi a hankali. Bai yi ciniki ba, abin da na faɗa ya karɓa, ya sa hannu, ya raka ni har bakin titi. Na tafi ina cewa mutanen Nijar akwai kirki. Abin da ban sani ba, kuma mai kabu-kabu bai ga dalilin gaya mini ba, shi ne Alhaji Mutari ma fatoma ne, ɗan fatoma. Gidansu da gidan Baba Ilu tun kakanni suke ja-in-ja a kan fataken Najeriya. A sana'arsu ba abin da ya kai a ce baƙon wane ya koma wurin wane, don ma'anarsa ɗaya ce: mai masaukin farko ya gaza.

Alhaji Mutari bai ɓata lokaci ba. Da kuɗinsa ya kira mai fenti, aka shafe ƙofar shagon da shuɗi, aka rubuta sunan kamfanina da manyan baƙaƙe, aka ƙara Kazaure a ƙasa don kada wani ya yi shakka. Daga baya na ji cewa a wani ɗaurin aure, Baba Ilu yana zaune a sahun gaba, ya roƙi jama'a su taya shi addu'a, ɗan marigayi Malam Habu na Roni ya kama wuri a hannunsa.

A gidan Baba Ilu ba wanda ya tayar mini da zancen. Abinci ya ci gaba da zuwa, har ya fi na da, sai dai yanzu a sabuwar kula mai murfi, da faranti, da cokali. Ni da wautata na ɗauka ƙarin girma ne, an ga na kusa zama mai kamfani. Baba Ilu ya daina ce mini ɗan Habu, ya koma Malam Nasiru, yana ce mini kun tashi lafiya, kun dawo. Na ce a raina ladabin mutanen nan har ya yi yawa.

Ranar da takardar rajista ta fito, notar ta miƙo mini ita da hannu biyu, ta taya ni murna. Ga sunan kamfani, ga lambarsa, ga adireshinsa, ga sunana a matsayin manaja, baƙo. Ban tsaya ko'ina ba sai gida, in nuna wa Baba, in kuma gaya masa zancen shagon cikin raha.

A ƙofar gida na tarar da mai amalanke yana ɗaure kaya. Jakata ce, da buzun babana a naɗe, da wani ƙunshi a cikin tsumma mai tsabta. Baba Ilu yana zaure a inda ya saba zama. Ya karɓi takardar, ya shafa hatimin da yatsa tunda ba ya gani sosai, ya yi wa kamfanin doguwar addu'a, Allah ya raya shi, Allah ya sa ya fi iyayensa. Na ce amin. Sannan ya ce ya ji mun yi gida, bai kamata kayan Habu su kwana wuri ɗaya, zuriyarsa wani wuri ba.

Na durƙusa. Na rantse masa ban taɓa kwana a shagon ba, ko tabarma babu a ciki. Na ce Baba, ba ni na kama hayar ba, kamfani ne, shi mutum ne daban.

"Ai kai ka ce mini ɗanka ne," ya ce. "Ɗanka yana gidan Mutari, kai kana nan? Sai a ce na raba ɗa da uba."

Na ba shi haƙuri iya yadda na iya, na ce zan je in goge fentin da hannuna. Ya ce babu laifi, sam babu laifi, ai zamani ne. Da ma zagina ya yi, da na san ta inda zan fara. Na nemi in yi sallama da Hajiya Tasalla, aka fito aka ce tana gaishe ni, ga kilishi in kai wa Inna. Mai amalanke bai tambaye ni hanya ba, ya san shagon.

Ni da kamfanina muka kwana a can, a kan buzun babana, ƙafafuna suna taɓa ƙofa. Alhaji Mutari ya aiko da shinkafa da kaza. Na ce ba zan ci ba, yunwa ta ce ƙarya nake. Abincin kuma ya yi daɗi, wannan ya fi komai ba ni haushi.

A hanyar dawowa jami'in nan na iyaka ya tambaye ni daga ina. Na ce gaisuwa na je. Ya ce in wuce, ko jakar bai kalla ba.

Masu tambaya ko an yi nasara, an yi. Injinan sun ƙetare kafin kaka, an yaba aikinmu, har an ce a ƙaro. Takardar tana rataye a gareji cikin gilashi, mai son gani ya zo. Na sake komawa Damagaram tun daga lokacin, kuma duk zuwa sai na je gaida Baba Ilu. Yana karɓata da kyau, a shimfiɗa mini darduma, a kawo ruwa a kofin baƙi, in na tashi ya ce in gaida mai masaukina.

Amma a waccan dawowar ta farko ban sauka a Kazaure ba, Roni na wuce. Na sami Inna a tsakar gida tana tsince wake. Na miƙa mata takardar, ta riƙe ta kaɗan, ta ce Allah ya sa albarka, ta ajiye a kan turmi. Ta tambayi idon Alhaji Ilu, ta tambayi Hajiya Tasalla, ta tambaya ko daddawar ta isa lafiya. Na amsa duka. Sai ta jawo kayan tsaraba tana kwancewa, ta fito da kilishi, ta ga buzu, sannan ta kwance ƙunshin tsumman, sai ga kwanon babana. Ta juya kwanon a hannunta har yatsanta ya sami wurin da bakin ya ɓalle.

Na buɗe baki zan fara bayanin notar, cewa a idon doka ba ni ba ne. Ba ta ko ɗago ba.

"Ko da mahaifinka ya rasu," ta ce, "ba su dawo da kwanon nan ba."